Wankin ciki: wai da gaske akwai dattin shekara da shekaru a hanjinmu?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sani a taimaka min da bayani akan maganin wankin cikin nan da ake ta talla a TikTok da WhatsApp, wanda suke cewa wai kowane mutum yana yawo da datti kilo kilo maƙale a hanjinsa tun yana yaro, wai shi ke kawo basir da ƙurajen fuska da warin baki da kasala da tumbi har da rashin haihuwa. Maigidan ne yace zai siyo mana mu sha duk gidan kafin azumi har da yara, ni kuma hankalina bai kwanta ba dan ina shayarwa, ga babban yaron shekararsa 4 kacal. Akwai wanda ya taɓa sha?

Abu Safwan:
Wa alaikumussalam. Maman Hanif ku sha abinku wlh babu komai sai alheri, ni na daɗe ina sha duk wata kuma duk ranar da na sha sai inji jikina sakayau. Ki duba kwatar ƙofar gida mana, in aka daɗe ba'a yashe ta ba ya take komawa? To haka cikin ɗan adam yake, kullum zuba masa ake ga maiƙo ga nama ga fulawa, ai dole wata rana a wanke.

Nas Rabi:
Yar uwa kafin a tafi da nisa, dan girman Allah kar a bawa yaro ɗan shekara 4 wannan abun. Duk abinda ake kira maganin wankin ciki aikinsa ɗaya ne, ya saka mutum gudawa. Babba zai iya jure zawo na yini guda ya tashi da jiri kawai, amma yaro ruwan jikinsa kaɗan ne, kafin kice me ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, sai gashi an kawo mana shi da daddare muna neman jijiyar da zamu saka ƙarin ruwa mun rasa. Ke ma mai shayarwa ruwa kike buƙata ya zauna a jikinki ba ya fita ba, kuma baki san me aka haɗa a cikin garin maganin ba balle kisan ko yana bi ta nono.

Abu Safwan:
Anti Nas maganar yara na yarda, amma babba fa? Ni da idona naga abinda ya fita daga cikina, wani abu dogo baƙi mai yauƙi duk a murɗe, shinkafa ce ta zama haka? Ku mutanen asibiti duk abinda ba daga wajenku ya fito ba sai ku kushe shi.

Dakta Sadiq:
Malam Abu Safwan ban ƙaryata ka ba, na yarda kaga abinda ka gani, saɓaninmu akan daga ina ya fito ne. Da yawa daga cikin irin garin maganin nan ana haɗa su da ɓawon wani iri mai kumbura in ya sha ruwa, wasu kuma har da yumɓu, to in suka haɗu da ruwa a cikin hanji sai su daskare su ɗauki siffar hanjin su fito a haka. Ka gwada da kanka, ka zuba cokali biyu na garin a rabin kofin ruwa ka ajiye ya kwana, da safe ka ɗaga da cokali ka gani. Sau da yawa abinda mutum ya sha ne yake fitowa ya ɗauka dattin shekaru ne.

Misalin kwata kuma anan ya karye, kwata bata motsi kuma bata sabunta kanta, hanji kuwa yana yi. Babban hanji tsawonsa wajen mita 1.5 ne, aikinsa ya tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abinci ya tura sauran waje, kuma kullum cikin matsawa da saki yake ko kana barci. Fatar cikinsa tana da majina mai santsi, kuma fatar kanta duk bayan yan kwanaki ƙasa da sati take zubewa sabuwa ta fito. To a jikin me dattin shekara 20 zai maƙale? Masu zura na'ura mai kyamara ta dubura suna kallon bangon hanji tun daga farko har ƙarshe, masu tiyata suna buɗe shi su riƙe da hannu, ba'a ganin wani ɓawon datti da ya manne. Ana ganin tsiro, ana ganin gyambo, ana ganin ƙari, wani lokaci bahaya mai tauri da ya cushe wa tsoho ko mara lafiya, kuma shima wannan akwai yadda ake fitar dashi a asibiti.

Sakayau ɗin da kake ji ruwa ne ya fita da bahayan kwana ɗaya ko biyu, ka hau sikeli bayan kwana uku zaka ga nauyinka ya dawo. Gubar da jiki ke fitarwa kuma hanta da ƙoda ne ke wannan aikin, zawo baya taimaka musu, ƙoda ma wahala take sha in ruwan jiki yayi ƙasa.

Malam Idi mai magani:
Ranka ya daɗe likita muna girmama iliminka amma a dinga sara ana duban bakin gatari. Sanamakki yazo a hadisi, Annabi SAW ya yabe shi, kuma iyayenmu sun sha filasko da tsamiya tun kafin a san asibiti a ƙasar nan. Kar a mayar da abinda sunna ta tabbatar ya zama camfi. Ni ina siyarwa kuma mutane suna dawowa suna godiya.

Dakta Sadiq:
Allah ya ƙara girma Malam, babu wanda ya isa ya kira sanamakki camfi, mu kanmu muna rubuta shi a asibiti, ana yin ƙwaya dashi kuma yana aiki sosai ga wanda cikinsa ya ɗaure. Filasko ma danginsa ne. Maganata ita ce magani ne, magani kuma mai ciwo ake bawa, da awo, na ɗan lokaci. A takardar ƙwayar ma ana rubuta kar a wuce sati ɗaya ana sha sai da izinin likita. Wanda ya mayar dashi shayin kullum yana zubar da sinadarin fotashiyam, shi kuma wannan sinadarin da shi tsoka ke aiki har da tsokar zuciya, in yayi ƙasa sosai sai kasala da ɗaurewar jijiya da bugun zuciya ba daidai ba. Mai hawan jini dake shan ƙwayar fitsari, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, tsoho, mai ciki, waɗannan sune nake jin tsoro. In mun leƙa hanjin wanda ya daɗe yana sha ma muna gane shi dan bangon yakan yi duhu. Kuma Malam kai ka fini sani, hadisin da yace a raba ciki uku, kaso ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, da mutane sun riƙe shi da masu neman wankin ciki sun ragu sosai.

Malam Idi mai magani:
Wannan gaskiya ne, ni ma bana bawa mai ciki da ƙananan yara, kuma ɗan tsunkule nake cewa a jiƙa ba cikin hannu ba. Yaran nan masu talla a waya ne suka ɓata sana'ar, basu gaji abun ba basu karanta ba, sai haɗe haɗe da saka lasifika. Amma dai ban sauka daga kan cewa lafiyayye ma in ya sha jefi jefi yana ƙaruwa ba.

Hajara Birmingham:
Nidai abinda ya ɗaure min kai, nan Ingila akwai shaguna na musamman da ake zuwa a biya kuɗi masu yawa a saka wa mutum tiyo ta dubura a ɗura ruwan ɗumi a wanke hanjin tas, kuma turawa ne ke cika wajen. In abun ƙarya ne ya za'ayi su bari?

Dakta Sadiq:
Hajiya Hajara ai daga wajensu tunanin yayi ƙarfi. A farkon shekarun 1900 likitocin turai da yawa sun yarda cewa bahaya yana ruɓewa a hanji ya saki guba cikin jini ya kawo kusan kowace cuta. Akwai wani babban likitan tiyata a Landan, Arbuthnot Lane, da ya kai ga yanke wa mutane babban hanjinsu gaba ɗaya saboda wannan fahimtar. A Amurka kuma John Harvey Kellogg yana da gidan jinya a Battle Creek inda ɗura ruwa ta dubura ya zama aikin kullum. Da aka zo aka bincika aka rasa gubar da ake faɗa sai likitanci ya watsar da zancen, yan kasuwa kuma suka ɗauka suka cigaba dashi har yau. Shagon da kike gani kasuwanci ne ba asibiti ba.

Kuma yayi kisa. A jihar Kolorado ta Amurka tsakanin 1978 da 1980 na'urar wankin hanji ɗaya da ba'a tsaftace ta da kyau ta yaɗa ƙwayar cutar atini ga aƙalla mutum 36, aka yanke wa 10 hanji, 6 suka rasu. Banda waɗanda tiyon ko ƙarfin ruwan ke huda musu hanji. Sannan akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ba'a iya ƙirgawa dake zaune a babban hanji, su ke narkar da harzar abinci, wato ɓangaren dusa da ganye da ciki baya iya narkarwa, suna samar wa bangon hanjin abincinsa, ba abun a dinga korarsu bane.

Ummu Aisha:
Tun ɗazu nake karantawa ina ta hawaye wlh. Ku bari in faɗa muku abinda ya samu yayana ko wani zai tsira. Shekararsa bata kai 45 ba, ya fara ganin jini in yayi bayan gida, kowa yace basir ne, dama wa ke da lafiyar basir a ƙasar nan. Aka fara jiƙe jiƙe, wannan ya kawo na gora wancan ya kawo na ƙulli, wani mai magani yace dattin ciki ne ya taru sai an wanke, duk sanda ya sha ya kwana yana zaryar banɗaki sai ace alhamdulillah ciwon ne ke fita. Yana ta ramewa wandonsa har sai da aka ƙara huda bel, sai yaji kamar bahaya ya matse shi ya shiga ya daɗe babu abinda ya fito sai majina da jini, in ya fito kuma siriri. Idonsa yayi fari fat. Sai da cikin ya kumbura ya toshe gaba ɗaya ko tusa baya yi sannan muka kwashe shi zuwa asibiti, likitan yana saka yatsa ya taɓo ƙarin, yace ciwon daji ne na ƙarshen hanji kuma ya riga ya taɓa hanta. Ya tambaye mu tun yaushe yake ganin jini, muka kasa haɗa ido dashi. Ya bar yara biyar. Ni bana cewa maganin ne ya saka masa ciwon, kwana ne ya ƙare, amma lokacin da ya kamata ace ana nema masa magani a wankin ciki ya tafi.

Maman Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya raya abinda ya bari. Wlh jikina yayi sanyi, yanzu zan tura wa Baban Hanif ya karanta da kansa.

Abu Safwan:
Allah ya gafarta masa yasa ya huta, Allah ya baku haƙuri yar uwa.

Nas Rabi:
Allah ya jiƙan Yaya. Irin wannan shine abinda yafi ci min rai a aikin nan, komai basir, komai dattin ciki, komai sanyi, mutum sai ya shekara yana magani bai taɓa bari an duba wajen ba saboda kunya. Basir gaskiya ne akwai shi kuma yana zubar da jini, amma ba'a gane shi da baki sai an duba. Duk wanda yaga jini a bahaya, ko bahayan ya koma baƙi ƙirin mai wari alhalin baya shan maganin ƙarin jini, ko yanayin fitarsa ya canza sati da sati yau zawo gobe tauri, ko yana ramewa ba dalili, ko ana ta ce masa bashi da jini, ko wani a gidansu ya taɓa ciwon dajin hanji, to ya ajiye gora ya tafi asibiti. Kuma kar ace ai yaro ne, Chadwick Boseman ɗan fim ɗin Amurka shekararsa 43 wannan ciwon ya kashe shi a 2020, su can ma a 2021 suka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu in ciki ya ɗaure kanwa ake jiƙawa a sha, ba sai an kashe jikka biyar wajen masu talla ba. Lokotoro mi kake gani game da ita?

Dakta Sadiq:
Malam na Damagaram kanwa gishiri ce mai ƙarfi, sinadarin sodiyam ne cike da ita. Ɗan abinda ake jefawa a wake ko miyar kuka daban, jiƙa ta a kofi a shanye daban. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ko zuciya tana iya tayar musu da ciwo. A Zariya tun shekarun 1970 likitoci suka yi rubutu akan yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Dan haka ba zan ce ka mayar da ita maganin ɗaurewar ciki ba.

Baban Khalifa:
To likita kun hana wannan kun hana wancan, mu da cikinmu ke ɗaurewa da gaske ya zamuyi? Ni direba ne wuni nake a zaune, sai inyi kwana uku ban zaga ba kuma in naje sai nayi nishi kamar raina zai fita.

Hajiya Inna:
Ɗana kafin likita ya amsa bari in tambaye ka me kake ci a hanya? Nasan amsar, burodi da shayi da safe, taliyar leda da ƙwai da rana, farar shinkafa da lemon kwalba da dare. Mu da muka taso tuwon dawa ne da miyar kuka ko kuɓewa, dambu da zogale, kwaɗon rama, fate da ganye har ya fi tsakin yawa, wake da alale da ɗanwake, fura ta gero, ga goruba da aya da magarya muna tafe muna gwaigwaya. Yanzu an surfe hatsi an cire dusar tas an bawa akuya, mu mun ci farin. Ka siyi zogale dafaffe a tasha a kwaɗa maka da ƙuli, ka riƙe gwanda ko goba ko dabino a mota, ka ajiye jarkar ruwa kusa da kai, ka dawo ka bani labari.

Dakta Sadiq:
Inna ta gama magana wlh. Akwai wani likita ɗan Ailan, Denis Burkitt, da yayi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura mutanen karkara masu cin hatsi da dusarsa da wake da ganye bahayansu mai yawa ne mai laushi kuma da wuya yaga cututtukan hanjin da suka addabi mutanen Ingila, a shekarun 1970 ya dinga yawo yana faɗa wa turawa su koma cin harza. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da yayan itatuwa. Sai dai a ƙara a hankali kuma a haɗa da ruwa, in ka tashi rana ɗaya ka cika ciki da wake zaka sha kumburi da iska.

Baban Khalifa ƙari akan na Inna, in ka tsaya shan mai ko sallah ka ɗan taka ƙafa, kuma in bahaya ya matso ka kar ka riƙe sai an kai gari, riƙewar ke sa hanji ya cigaba da tsotse ruwan har ya bushe. Masai na tsuguno yafi sauƙin fita, in na zama ne ka ɗora ƙafa akan ƙaramar kujera, kuma a daina shiga da waya ana daɗewa. In kana shan tiramadol ko maganin tari mai kodin dan gajiyar hanya to su kansu suna ɗaure ciki sosai. Sannan ba dole bane sai kullum, daga sau 3 a rana har zuwa sau 3 a sati duk lafiya ne in dai yana fita da laushi ba wahala, naka nishin ne matsalar. In ka gyara abinci sati biyu zuwa uku babu canji kaje a duba ka, akwai magunguna masu laushi da ake bayarwa da awo.

Maryam Kaduna:
Ni wanda na siya harda lambar NAFDAC a jiki fa, kuma mai maganin tace yana kashe tsutsar ciki da olsa.

Nas Rabi:
Maryam ki duba lambar da kyau, na gargajiya yawanci da harafin L take ƙarewa, kuma zaki ga an rubuta da turanci cewa hukumar bata tantance iƙirarin da aka yi akan maganin ba. Wato an bashi izinin shiga kasuwa, ba'a ce yana warkar da abinda aka lissafa ba, banda ma masu buga lambar bogi. Tsutsar ciki tana da maganinta mai arha a kemis irin albendazol, ba sai anyi zawo ba. Olsa kuma yawanci wata ƙwayar cuta ce a tumbi, wasu likitoci biyu yan Ostireliya Marshall da Warren suka gano ta har aka basu kyautar Nobel a 2005, ko kuma yawan shan maganin ciwon jiki irinsu diklofenak da ibuprofen. Ana gwaji a bada magani na wajen sati biyu. Tumbi yana sama babban hanji yana can ƙasa, gudawa bata taɓa ta. In kin riga kin sha kuma zawon yaƙi tsayawa ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, in babu ki samu ruwa mai tsafta lita 1 ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali ki dinga kurɓa, in jiri ko amai ya shigo sai asibiti.

Abu Safwan:
Likita ni har yanzu ina ganin yana min amfani gaskiya, amma maganar Ummu Aisha ta tsaya min a rai dan nima nakan ga ɗan jini jefi jefi kuma shekarata 47. Wannan gwajin na kyamara a ina ake yinsa, kuma da zafi?

Dakta Sadiq:
Malam ka fara zuwa asibitin da yafi kusa da kai cikin satin nan, ka faɗa wa likita komai har da maganin da kake sha duk wata, ka tafi da kwalin ma. Zai duba wajen da yatsa da ɗan ƙaramin abin leƙawa, ya auna jininka, in yaga da buƙata ya tura ka kolonoskofi, wato gwajin kyamarar. Ana yi a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da wasu masu zaman kansu, ana bada allurar da zata kwantar da kai dan haka yawanci mutane basa jin wani zafi sosai. Ana gobe za'ayi zasu baka maganin da zai wanke hanjin da awo da bayanin ruwan da zaka sha dan kyamarar ta gani da kyau, in anga ɗan tsiro a nan take ake cire shi kafin ya zama wani abu. Ka dakatar da shan na watan nan har sai an duba ka, kuma ranar gwajin ka tafi da wanda zai dawo da kai gida dan ba'a tuƙi bayan allurar.